Tina Fey ba kamannin Palin ne ya ɗaga ta ba

'Yar uwa kin ce wai ita Tina Fey ɗin nan, 'yar wasan barkwancin Amurka, ba don ta yi kama da 'yar siyasar nan Sarah Palin ba da ba wanda zai san ta. A'a wallahi, kin zo biki ne kin tarar ana tsakiyar rawa. Lokacin da ta yi kwaikwayon nan a 2008 ai ta riga ta bar SNL (Saturday Night Live, shirin barkwanci na talabijin a Amurka) da shekara biyu, kiranta aka yi ta dawo saboda kowa sai cewa yake sun yi kama.

Ni na zauna Chicago lokacin karatu, wani abokina ya ja ni Second City a titin Wells, gidan wasan barkwancin da ita ma ta koyi sana'ar. Gaskiya rabin abin da ake wa dariya ban gane ba, ina riƙe da lemona ina bin mutane da dariya kar a ce baƙauye ne. Amma abin da na gani ya zauna min, ɗan kallo zai jefo kalma ɗaya kawai su kuma nan take su gina wasa a kanta ba takarda ba komai, kuma dokarsu ba ka ƙaryata abokin wasanka, in ya ce kai likita ne to ka zama likita sannan ka ɗora naka.

To a nan ta goge. Ta gama jami'ar Virginia a 1992 ta taho, da safe tana teburin karɓar baƙi a cibiyar matasa ta YMCA da ke Evanston kusa da Chicago, da dare tana ajin wasa, wanda ya san sanyin garin nan ya san ta ji jiki.

Da SNL suka ɗauke ta a 1997 ma ba don ta fito a talabijin ba ne, marubuciya ce. Aikin kuwa ba sauƙi, daren Talata a kwana ana rubutu, Laraba a zauna gaban Lorne Michaels, mai shirin, a karanta gajerun wasanni wajen guda arba'in, yawancinsu a watsar, naka in ba a yi dariya ba haka za ka haɗiye ka dawo wani satin. A haka ta zama shugabar marubuta a 1999, mace ta farko tunda aka fara shirin a 1975. Sai 2000 aka zaunar da ita tana karanta labaran barkwanci da Jimmy Fallon.

Shirin talabijin na 30 Rock kuma ita ta ƙirƙiro abinta, daga 2006 har 2013, labarin wata shugabar marubuta da 'yan wasa ke neman haukata ta, kin ga ai kanta ta rubuta. In za ki nema ki kunna rubutun nan na ƙasan allo, don maganarsu gudu take, ni sai da na dinga maido shi baya.