Filin Tambayoyinku: Digirin makarantar addini da zancen bautar ƙasa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An buɗe wata kwalejin addini a garinmu, suna cewa suna ba da digirin Shari'a cikin shekara 3, wai suna ƙarƙashin wata jami'a ta ƙasar waje. Har sun nuna mini takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a rataye a bangon ofis. Ɗana bana ya gama sakandare. In ya kammala a wurinsu zai je bautar ƙasa? Daga wani mahaifi, Ƙauran Namoda.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Alhaji, kada ka biya ko sisi tukuna. Takardar CAC shaida ce kawai ta cewa an yi rajistar suna, mai shagon siminti ma yana da irinta. Izinin ma'aikatar ilimi ta jiha shi ma ba ya ba makaranta ikon bayar da digiri. Wannan hurumin NUC ne, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, kuma ba makaranta kaɗai take tantancewa ba, kowane kwas sai ta amince da shi daban.

Ka koma ka tambaye su sunan jami'ar da zai fito a jikin shahadar. In ta gida ce, kamar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, su nuna maka wasiƙar NUC da ta amince da wannan haɗin gwiwa, da sunan kwas ɗin a ciki. Sannan ka tambayi zancen JAMB. Duk wanda ya ce maka “ai ba sai da JAMB ba”, to ka tashi. Hukumar bautar ƙasa, NYSC, tana duba sunan ɗalibi a rajistar JAMB kafin ta kira shi, kuma a nan ne yara da yawa suke maƙalewa bayan an sha bikin yaye su, an ɗauki hoto da riga da hula.

Shekara 3 ɗin ma abin tsayawa ne. Mai NCE ko difloma ne yake shiga aji biyu ya gama cikin shekara 3. Ɗan sakandare shekara 4 zai yi, in lauya ne 5.

In kuwa da gaske jami'ar waje ce, alhali yaro yana zaune a Ƙaura, matsalar ta fi girma. Wajen rajistar bautar ƙasa za a nemi fasfonsa a ga biza da hatimin shiga da fita, shi kuwa bai taɓa ƙetare iyaka ba. Tun da gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a Janairun 2024, an ƙara tsananta binciken nan. Ba muna cewa malaman ba su da ilimi ba ne. Yana iya karatu a gabansu ya karɓi ijaza, abu ne mai daraja. Takardar neman aiki kuwa ya neme ta a jami'ar da ke cikin jerin NUC. In ya rubuta jarrabawar NBAIS, ta makarantun Larabci da addinin Musulunci, ana karɓarta wajen shiga jami'a muddin yana da kiredit 5 har da Turanci.

Tambaya: Malam, na yi digirin Shari'a a Jami'ar Musulunci ta Say da ke Nijar. Me zan tanada, kuma zan iya zama lauya? Daga wani ɗalibi, Jega.

Amsa: Malam, fara da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja don a tantance shahadarka. Ka riƙe asalin shahada, takardar sakamakon kowace shekara, fasfo ko takardar tafiyar da ka yi amfani da ita, da sakamakon sakandare. Duk takardar da ke cikin Larabci ko Faransanci a fassara ta a ofishin jakadancin ƙasar ko a wata jami'ar Najeriya da ke koyar da harshen, ba wurin mai kwamfuta na bakin kasuwa ba. Ka lura da rubutun suna: Abubakar a fasfo, Aboubacar a shahada, wannan kaɗai yana iya jawo maka zirga-zirgar watanni, don haka ka yi takardar rantsuwa a kotu tun da wuri. In ka haura shekara 30 lokacin da ka gama, takardar yafewa za a ba ka maimakon bautar ƙasa.

Zancen lauya kuwa, digirin Shari'a zalla ba ya kai mutum Makarantar Horar da Lauyoyi. Sai ka yi digirin lauya, wato LL.B, kuma jami'o'in Sakkwato, Zariya da Bayero ta Kano suna da wanda ya haɗa dokar ƙasa da Shari'ar Musulunci. In koyarwa kake so, ƙara PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, ka yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai.