Fili a ƙauye, takarda a hannun yaya

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, ƙasar Ghana, ta rubuto mini: "Na ba yayana sidi 40,000 ya saya mini fuloti biyu a wani ƙauye gaba da Offinso. Ana cewa wajen zai yi tsada nan ba da daɗewa ba. In gina ɗakunan haya ko in jira in sayar? Takardun suna wajensa."

Hajiya, ajiye maganar gini da sayarwa tukuna. Sunan wa ke jikin takardar nan? Kin taɓa riƙe ta da hannunki?

A ƙasar Asante yawancin filaye na sarauta ne. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya hana a sayar da irinsu kacokan, haya ce mai dogon zango, galibi shekara 99 ga ɗan ƙasa, baƙo kuwa ba ya wuce 50. Abin da sarkin ƙauye yake miƙawa takardar rabon fili ce kawai, sau da yawa da sharaɗin a fara gini cikin shekara ɗaya ko biyu, in ba haka ba a ba wani. Sai an bi ta fadar babban sarki, an yi rajista a Hukumar Filaye, sannan hankali ya kwanta. In sunan yayanki ne a wajen, to a gaban doka sai kin sha wuya kafin ki tabbatar naki ne.

Ban ce yayanki macuci ba ne. Na san wani mahauci a unguwar Aboabo da ya ba kawunsa kuɗi haka, mutumin kirki, mai amana. Kawun ya rasu ba zato. Ranar rabon gado aka fito da takardar daga ƙasan akwati, sunan mamaci ne a kai, malam ya lissafa filin cikin dukiya. Mahaucin ya rantse har da hawaye, ba shaida, ba rasit. Yau shi da 'ya'yan kawun ko gaisawa ba sa yi.

Batun "zai yi tsada" kuma, na gaji da jin sa. Ejisu da Abuakwa sun tashi ne saboda titi da wuta da mutanen da ke kwana can suna shigowa Kumasi aiki kullum. Ƙauyenki wa zai kama haya a cikinsa? Ko ɗaki huɗu kika gina, a ce sidi 100 kowanne a wata, 4,800 ke nan a shekara, siminti da kwano kaɗai sun cinye na shekaru. Kuma ki tuna ƙarshen 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari. Filin da kuɗinsa ya ninka a irin wannan lokaci ba lallai riba ya kawo ba.

Makon nan ki je wajen yaya cikin ladabi, da dattijo ɗaya na gida, ki karɓi takardar. Ki ɗauki safiyo mai lasisi ya auna, a binciki filin a Hukumar Filaye, a mayar da shi sunanki. Kafin nan kada ki sauke bulo ko ɗaya, kada kuma ki taɓa jarin atamfarki.