Jiragen yaƙi a kwamfuta: me za a saya, me za a gyara, me za a bari?

Tambayoyin wannan mako sun taru ne a kan wasannin kwaikwayon tuƙin jirgin yaƙi, irin waɗanda mutum ke zama a kujerar matuƙi ya koyi kunna inji, ya tashi, ya yi faɗa, ya kuma sauka lafiya. Kusan kowace tambaya ta taɓo abin da 'yan wasa ke kira mod, wato gyara ko ƙari da masu sha'awar wasa suke yi da hannunsu, ba kamfani ba: sabon jirgi, sabon fenti, sabuwar taswira, ko ƙarar inji da ta fi ta asali daɗi. Na zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Zariya. Laftof ɗina RAM 8 ce, kuma ba ta da katin hoto na daban. Na ga bidiyon DCS World ya burge ni ƙwarai, an kuma ce kyauta ne. In sauke shi?

Amsa: Ƙanena, kada ka sauke. Gaskiya ne kamfanin Eagle Dynamics yana bayar da tushen wasan kyauta, da jirage biyu, Su-25T da TF-51D, da taswirar Kaukasus da ta tsibiran Mariyana. Amma girman wasan ya haura gigabait 100, kuma yana son RAM 16 a ƙalla, in da hali 32, tare da katin hoto mai ƙarfi. Datarka za ta ƙare a banza, ka zauna kana kallon hoto yana tsinkewa.

Abin da ya dace da na'urarka shi ne IL-2 Sturmovik: 1946. Wasa ne na yaƙin duniya na biyu, asalinsa ya fito a 2001 daga hannun Oleg Maddox da abokan aikinsa a Rasha, wannan bugun kuma ya fito a 2006 da jirage sama da 200 da za ka iya tuƙawa. Ana sayar da shi da araha a Steam da GOG, shagunan sayar da wasanni na intanet. Kada tsufansa ya sa ka raina shi. Masu gyara sun shafe shekaru suna yi masa gini, har wata ƙungiyar sa-kai mai suna Team Daidalos ta riƙa fitar masa da sabuntawa da amincewar masu wasan. Akwai kuma manyan tarin gyare-gyare irin su B.A.T. na rukunin masu gyara mai suna SAS, wanda ya faɗaɗa wasan tun daga jiragen yaƙin duniya na ɗaya masu fukafukai hawa biyu har zuwa zamanin jet.

Sai dai ka fara da wasan yadda ya zo, ka yi wata guda kana koyon tashi da sauka da harbin abin da ke motsi. B.A.T. babba ne, zai ci data sosai, kuma wanda bai san yadda wasan yake a asalinsa ba ba zai gane abin da gyaran ya ƙara masa ba. Idan lokacin ya yi, ka kwafi foldar wasan gaba ɗaya zuwa wani wuri, ka sa gyaran a kan kwafin, ka bar ta asalin ba a taɓa ta ba.

Tambaya: Kwamfutata tana ɗaukar DCS lafiya. Kuɗin da na tara abu ɗaya za su saya mini: ko dai jirgin F-16C, ko sandar tuƙi. Yanzu da kibod da linzamin kwamfuta nake yi. Wanne zan fara?

Amsa: Sandar tuƙi, ba tare da wani dogon tunani ba. Maɓallin kibod ko dai an danna shi ko ba a danna ba, shi kuwa jirgi lallaɓa shi ake yi kaɗan-kaɗan. Wanda ya sayi F-16 yana tuƙa shi da kibod ya sayi doki ne bai sayi linzami ba.

A cikin masu sauƙin kuɗi, biyu aka fi sani. Logitech Extreme 3D Pro ta daɗe a kasuwa kuma tana da juriya, amma na'urar da ke auna motsinta mai gogayya ce, tana cinyewa da amfani har jirgi ya fara karkata shi kaɗai. Thrustmaster T.16000M da maganaɗisu take auna motsin gaba da baya da na gefe, don haka ta fi daidaito a wannan ɓangaren. Dukansu ana murɗa su hagu da dama a madadin fedojin ƙafa, kuma suna da ɗan totur a gindi. Idan aljihunka ya kai, VKB Gladiator ta fi su duka. Abin da nake roƙonka ka guje wa shi ne sanda marar suna. Na taɓa sayen irinta a hannun wani mai kayan kwamfuta saboda arha, cikin makonni kaɗan tsakiyarta ta ɓace, na koma kullum ina kokawa da ita maimakon in koyi tuƙi. Har yau ina jin takaicin watannin da na ɓata ina zaton hannuna ne ba ya da kyau.

Shi kuwa F-16 ɗin, akwai hanyar samunsa ba tare da ka taɓa manyan kuɗi ba, kuma labarinta shi ne abin da ya fi burge ni a duk wannan harka. A 1998 kamfanin MicroProse ya fitar da Falcon 4.0. Wasan ya zo da kurakurai da yawa, amma yana da abin da har yau ba a cika samun kamarsa ba: yaƙi mai tafiyar da kansa a zirin Koriya, inda dubban tankoki da jirage ke faɗansu ko kana sama ko kana ƙasa, gadar da ka karya jiya kuma ta hana sojojin abokan gaba wucewa yau. A 2000 rubutun asalin manhajar ya fita waje, masu sha'awa suka kama shi suna gyarawa rukuni bayan rukuni. Daga cikinsu ne aka samu Falcon BMS, wanda ake bayarwa kyauta, kuma har yanzu ana sabunta shi, har an sa masa damar amfani da tabarau na VR, masu sa mutum ya ji kamar yana cikin jirgin. Sharaɗinsa ɗaya ne: ka mallaki Falcon 4.0 na halak a kwamfutarka, wanda kuɗinsa 'yan daloli ne a Steam ko GOG. Mutanen nan sun fi shekara 20 suna wannan aiki ba wanda ke biyansu, sun rubuta littattafan jagora masu ɗaruruwan shafuka. Kusan duk maɓallin da ke gaban matuƙi yana aiki. Idan ka koyi F-16 a can, ranar da ka sayi na DCS ba za ka zama baƙo ba.

A cikin DCS ɗin ma akwai A-4E-C Skyhawk, jirgin da 'yan sa-kai suka gina suka bayar kyauta, da mazaunin matuƙi mai aiki, ga shi yana sauka a kan jirgin ruwa mai ɗaukar jirage. Sannan idan daga shafin Eagle Dynamics ka sauke wasan ba daga Steam ba, ana ba ka kwana 14 ka gwada yawancin jiragen kuɗi kafin ka saya. Ka yi amfani da wannan damar. Da yawa suna sayen jirgi saboda sunansa, su buɗe littafinsa su ga yawansa, su ajiye.

Ƙarin abu ɗaya da zai canza maka wasan kuma ba ya cin ko sisi: manhajar OpenTrack. Da kyamarar kwamfuta take bin motsin kanka, ka ɗan juya kai hoton ya juya, ka bi abokin gaba da ido. TrackIR ce ake sayarwa don wannan aiki kuma tana da tsada, amma ga mai farawa OpenTrack ta wadatar.

Tambaya: Na zuba mod kusan 15 a DCS. Bayan sabuntawar da ta wuce wasan ya daina buɗewa. Da na samu ya buɗe, sai sabobin intanet, inda ake wasa tare da wasu, suka ƙi karɓata, wata alamar garkuwa ta koma ja. Me na ɓata?

Amsa: Ɗan'uwa, ba kai kaɗai ba ne, kuma abin yana gyaruwa. Matsaloli biyu ne suka haɗu maka.

DCS yana da gida biyu a kwamfutarka. Akwai foldar da aka girka wasan a ciki, akwai kuma wadda ke cikin Saved Games, inda ake ajiye saitinka. Yawancin gyare-gyare a ta biyun ya kamata su zauna: jirage a Mods sannan aircraft, kayan ƙasa a Mods sannan tech, fenti a Liveries. Duk abin da ka sa a foldar asali, sabuntawa tana iya share shi ko ta bar rabinsa, wasan ya rikice. Jar garkuwar kuwa binciken da ake kira Integrity Check ne. Masu saba suna kunna shi don a tabbatar ba wanda ya taɓa fayilolin wasa ya ƙara wa makami nisa ko ya mayar da jirgin abokin gaba mai sauƙin hange. Ba ya tambayar niyyarka, da ya ga fayil ya bambanta da na asali zai rufe maka ƙofa. Kuma ina ganin daidai ne, domin mutumin da ya yi awa guda yana shirin tashi bai cancanci a harbo shi da makamin da aka yi wa coge ba.

Ga yadda za ka fita. Ka kwashe foldar Mods ta Saved Games ka ajiye a gefe. Ka gudanar da gyaran da wasan ya zo da shi, Repair, ka zaɓi ya cire fayilolin da ba nasa ba. Ka buɗe ka tabbatar yana aiki. Daga nan ka riƙa mayar da gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya, kana buɗe wasan bayan kowanne, har ka kama mai laifin. Na san da gajiya, amma ita ce hanyar da ba ta ƙarya. Kafin duk wannan ka kwafi foldar Config, musamman Input da ke cikinta, domin a nan ne saitin sandarka yake, wanda wataƙila ka kwana biyu kana tsarawa.

Idan akwai gyaran da dole sai a foldar asali, ka sa shi ta hanyar OvGME. Wannan manhaja tana ajiye kwafin fayil ɗin da za ta maye gurbinsa, ka kashe gyaran da dannawa ɗaya kafin sabuntawa, ka kunna bayanta. Ka kuma duba abu biyu kafin ka sauke kowane jirgi: yaushe mai shi ya sabunta shi na ƙarshe, kuma ko yana buƙatar Flaming Cliffs, wani ƙunshin jirage da ake saya a DCS, domin jiragen mod da yawa suna aron na'urorin F-15C ko Su-27 daga can ne, in ba ka mallake shi ba ba za su tashi ba.

Shawarata ta gaskiya ita ce 15 sun yi yawa. Ka zaɓi uku da kake tuƙawa da gaske.

Tambaya: Ina so in ga jirgina da tambarin sojojin saman Najeriya. Zai yiwu?

Amsa: Zai yiwu, kuma shi ne mafi sauƙin mashiga ga mai son fara gyara da kansa. DCS yana da JF-17 Thunder na Deka Ironwork, irin wanda rundunar ta ƙaddamar da guda uku a Makurdi a 2021. Yana da L-39, wanda ake horar da matuƙa da shi a Kano, da MiG-21 da ƙasar ta yi amfani da shi a da. Akwai kuma A-29 Super Tucano na kyauta da 'yan sa-kai suka yi.

Ka nemi zanen fentin jirgin da masu shi suke bayarwa, ka buɗe a GIMP, manhajar gyaran hoto wadda kyauta ce, ka zana kore-fari-kore, ka adana a matsayin fayil ɗin hoto nau'in DDS. Ka sa shi a Liveries, cikin folda mai sunan jirgin daidai yadda wasan ya rubuta shi, tare da ɗan fayil mai suna description.lua da ke gaya wa wasan wane hoto ne na wane sashe. Idan fentin bai bayyana ba, galibi layin da ya taƙaita shi ga wasu ƙasashe ne, ka cire shi. Abokan wasanka ba za su ga fentin ba sai su ma sun sa shi a nasu.

Tambaya: Ɗana mai shekara 16 yana ta roƙona kuɗin wani jirgi na wasa. Da na ƙi, sai ya ce zai sauke shi kyauta a wani shafi, wai ai mod ne. Wannan ba sata ba ce?

Amsa: Hajiya, zarginki yana da tushe. Mod aikin mutum ne da ya yi da kansa ya bayar kyauta, kamar Skyhawk da Super Tucano da na ambata, kuma ba laifi a sauke shi. Jirgin da kamfani ke sayarwa, aka fasa makullinsa aka baza, wannan haƙƙin wasu ne aka ci, ko da wane suna aka kira shi. Irin waɗannan fayiloli kuma suna cikin hanyoyin da ƙwayoyin cutar kwamfuta suke bi, masu kwashe kalmomin sirri, abin da zai iya shafar asusun banki idan kwamfutar ta gida ce kowa na amfani da ita.

Ni da za ki bi tawa, ba za ki rufe ƙofar gaba ɗaya ba. Yaron da ke son irin wannan wasa yana karanta dogayen littattafan jagora da Turanci, yana lissafin mai da nisa da kusurwa, in ya shiga gyara kuma ya fara taɓa rubutun manhaja na Lua. Ki ce ya fara da na kyauta. Ki sa masa sharaɗi: ya kunna jirgin tun yana a kashe gaba ɗaya, ya tashi, ya kewaya, ya sauka a gabanki ba tare da ya fasa shi ba, kuma karatunsa na makaranta bai ja baya ba. Idan ya cika, ku jira lokacin rangwame, domin ana yinsa sau da yawa a shekara kuma tsofaffin jirage sukan sauka zuwa rabin kuɗinsu, sai ki saya masa guda ɗaya daga shafin kamfanin ko daga Steam, da katinki kuma a gaban idonki.