Finafinan harin baƙin halittu: farkonsu zuma, ƙarshensu fa?

Malam, ka tambaya ko finafinan nan da halittun wata duniya ke kawo wa 'yan Adam hari suna da wani abin a zo a gani, ko kuwa wuta ce da rugujewar benaye kawai. Tun zamanin kaset nake kallonsu, don haka ga abin da idona ya gane mini.

Duk daɗinsu yana cikin awar farko. Ka ɗauki Independence Day na 1996. Lokacin da inuwar jirgin nan ta lulluɓe birnin New York, mutane suka firfito daga motoci suna kallon sama baki buɗe, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, alhali ko ƙeyar halittar ba a nuna ba tukuna. Kuma fadar shugaban Amurka, White House, da aka tarwatsa a fim ɗin ba zanen kwamfuta ba ce. Ƙaramin samfurinta aka ƙera, aka dasa masa nakiya, aka tashe shi da gaske. Wutar da ke bin tituna kuwa, samfurin titin aka miƙar tsaye kamar bututun hayaƙi, aka cinna wuta daga ƙasa, kyamara tana sama tana ɗaukar yadda take tahowa. Shi ya sa har yau in ka kalla za ka ji abin yana da nauyi. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a kan wannan aiki, ya kuma kawo sama da dala miliyan 800. Da aka yi na biyu a 2016, jirgi ya ninka girma, siddabarun kwamfuta ya cika ko'ina, amma na tashi daga kallon ban riƙe fuskar mutum ko ɗaya ba. In ba wanda kake jin tsoron kada ya mutu, ko birni goma aka rushe ba ya taɓa maka zuciya.

Inda suke faɗi ƙasa warwas shi ne ƙarshe. Marubuci zai yi ta zuzuta ƙarfin maƙiyi har makamin nukiliya ya kasa ratsa garkuwarsa, sai ya rasa ta inda zai kashe shi, sai ya lalubo wata dabara ta rainin hankali. A Independence Day, da 'yar kwamfutar cinya aka aika wa uwar jirgin cutar kwamfuta, kamar dai su ma manhajarmu suke aiki da ita. A Signs na 2002, ruwa ne ke ƙona halittun. To su da suka iya keto sararin samaniya, ba su hango cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na doron wannan duniya ruwa ba ne? Haba!

Wanda nake yi wa uzuri shi ne War of the Worlds, wanda darakta Steven Spielberg ya sake yi a 2005. Can ma ƙwayoyin cuta ne suka gama da maharan, amma haka marubucin Ingila H. G. Wells ya rubuta tun 1898 a littafin da aka ɗauko fim ɗin daga gare shi, kuma da gangan ya yi. A farkon littafin ya tuna wa Turawa yadda suka shafe mutanen tsibirin Tasmaniya na Ostireliya, wato yana tambayarsu yaya za su ji in wanda ya fi su makami ya sauko musu. A littafin, bindigar Ingila ba ta ceci kowa ba, sai mafi ƙanƙantar halitta. Yawancin masu kwaikwayonsa sun ɗauki fashe-fashen sun bar wannan a baya.

Wani abin da ke ba ni dariya: halittun nan kamar adireshin Amurka kaɗai suka sani. Sauran ƙasashe sai a nuno su na daƙiƙa biyar suna jiran a gaya musu abin yi. Shi ya sa District 9 na 2009 ya burge ni. Jirgin a kan Johannesburg ya tsaya, baƙin kuma aka killace su a unguwar kwano kamar zamanin wariyar launin fata, duk da cewa kuɗin da aka kashe wajen yin fim ɗin bai wuce dala miliyan 30 ba.

In za ka fara, fara da Independence Day na farko, amma don Allah kada ka kalle shi a waya. Samu babban allo da lasifika mai ƙarfi, don inuwar nan ba ta shiga cikin tafin hannu.