Me Ya Sa Ake Yi Wa Ma'ajiyar Sinadarai Rufi Marar Nauyi?

Tambaya: Na lura ana yi wa ma'ajiyar sinadarai masu kama wuta bango mai kauri, amma rufin shafal. Wannan ba rowar kayan gini ba ce?

Amsa: A'a malam, da gangan ake yin haka. Idan tururin fetur ko tina (ruwan tsinka fenti) ya gauraya da iska ya kama wuta a rufaffen ɗaki, matsin da ke tasowa yakan kai wajen ninki 8 na matsin iskar waje. Bangon bulo ba ya jure ko kashi 1 cikin 10 na wannan. Tunda ba za a iya riƙe fashewar ba, sai a zaɓa mata mafita: a ƙarfafa bangon da ke kallon ma'aikata da kankare da rodi, a bar rufin ko bango guda da rauni don ya fara ɓallewa. Bangon nan mai rauni dole ya fuskanci fili, kuma a ɗaure fallayensa da sarƙa kada su yi tsalle su kashe wani. Kuskuren da ya fi ɗaga mana hankali shi ne a jingina masa kaya, ko a yi sabon gini a gabansa. An toshe mafitar ke nan.

Amma dabarar tana da iyaka. Abin da ke tashi kamar bam, rufi ba ya ceton kowa daga gare shi, sai tazara. Tan 2,750 na amoniyum naitiret (sinadarin da ake yin takin zamani da shi) da ya tashi a tashar jiragen ruwan Beirut, babban birnin Lebanon, ranar 4 ga Agustan 2020 ya kashe mutum sama da 200, domin unguwannin jama'a na dab da rumbun. A ƙa'ida, idan kaya ya ninku sau 8, tazara ma sai ta ninku sau 2.

Rigakafin ya fi komai. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, saboda haka bakin bututun zuƙar iska kada ya wuce santimita 30 daga daɓe, kuma iskar ɗakin ta sabunta aƙalla sau 6 a awa. Gas ɗin haidurojin kuwa sama yake tashi, mafitarsa a ƙololuwar rufi take. Makunni da fitilu su zama irin waɗanda tartsatsinsu ba ya fita waje. A haɗa tankuna da durom-durom da wayar ƙasa (wadda ke kai lantarkin da ya taru cikin ƙasa) kafin a fara juye mai. A kewaye tankuna da shingen da zai ɗauki kashi 110 cikin 100 na abin da ke cikin mafi girmansu. Ƙofofi su buɗe zuwa waje, kuma a samu aƙalla biyu a kusurwoyi daban-daban.