Kafin ki nemi mai laifin mutuwar Edith

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce an ba ki nazarin littafin Stefan Zweig na 1939, wanda Turawan Ingila suka sa wa Beware of Pity, kuma kin rasa wanda za ki ɗora wa alhakin mutuwar Edith: sojan, mahaifinta, ko likita. Sau uku na karanta shi. Karatu na ƙarshe ne ya shige ni, domin a lokacin ni ke kula da ƙanwata da shan inna ya kama tun tana goye.

Ki fara da lura da bakin da labarin ke fitowa. Anton Hofmiller ne ke ba da shi, laftanar na sojan doki a daular Ostiriya da Hungari, bayan shekara ashirin da wani abu. Duk abin da muka sani game da Edith daga gare shi muka ji. In ya ce tana da saurin fushi, ki tsaya ki duba me aka yi mata kafin ta fusata.

Ki koma daren liyafar da Hofmiller ya fara haɗuwa da Edith a gidansu. Tana zaune bayan teburi, bai san ƙafafunta ba sa aiki ba, ya je ya nemi ta tashi su yi rawa. Ta dafe teburin tana kokawar miƙewa, ta fashe da kuka, shi kuwa ya sulale ya gudu. Washegari ya aika furanni. Wa furannin suka yi wa magani? Kunyarsa yake wankewa. Sunan littafin da Jamusanci, Ungeduld des Herzens, nufinsa gajen haƙurin zuciya, kuma Dakta Condor, likitan Edith, ya fayyace wa Hofmiller shi: akwai tausayin da ke gaggawar rabuwa da ɗacin ganin wahalar wani, akwai kuma wanda ke tsayawa har ƙarshe. Condor ba da baki kawai ya faɗa ba, makauniyar da ya kasa warkarwa ita ya aura.

Mu ma an yi a gidanmu. Wani yaron unguwa yakan zo bayan la'asar, ya tura wa ƙanwata kekenta zuwa ƙofar gida su yi ta hira. Kowa ya ga ta kamu, kowa kuma ya san shi tausayi ne ke kawo shi. Muka yi gum, don ta fara cin abinci tana dariya. Ranar da ya kawo katin aurensa ba ta yi kuka ba. Ta juyo ta ce, "Yaya, ashe duk kun sani?" Har yau maganar tana cina. Shi ya sa ba na iya wanke tsoho Kekesfalva, mahaifin Edith, duk da ina jin ciwonsa, don son 'yarsa ne ya sa shi roƙon Hofmiller ya ci gaba da ba ta fata.

Batun saƙon Hofmiller da bai isa ba saboda kisan Franz Ferdinand, yarima mai jiran gadon daular, a Sarayebo ranar 28 ga Yuni 1914, kada ki ba shi muhimmanci da yawa. Kafin nan Hofmiller ya riga ya yi baiko da ita, a daren kuma ya musanta a gaban abokansa sojoji, don tsoron su yi masa dariya.

In za ki bi ta tawa, ki gina nazarinki a kan maganganun Edith kanta, musamman a saman hasumiya, inda take nuna masa ta gane ƙaryarsa kuma ba ta son ziyarar tausayi. Ki ja layi a ƙarƙashin duk wurin da ta nemi gaskiya, ki rubuta a gefe amsar da aka ba ta.