Tana Ba Ta Shan Baƙin Mai

Wai in ka zuba tana a filin da makanikai suka ɓata da baƙin mai za ta shanye shi? Wa ya gaya maka, wayar nan taka? Ajiye ta, yaro.

Ita tana, da fatarta take numfashi. Jefa ta cikin ƙasar da mai ya jiƙe, kafin la'asar ta miƙe. Masu cin man bakteriya ne, ido ba ya ganinsu. Ita aikinta ta huda ƙasa iska ta shiga, ta cakuɗa musu taki, shi ya sa take zuwa a ƙarshe. Yadda ake kafta da ban ruwa kuwa, in sai na koya maka, koma gida.

Ka tuna min da wani fili a wajen Ojo, a Legas. Tsohon garejin motoci ne, ƙasar baƙa wuluk, in ka damƙa ta manne a hannu kamar kwalta. Mai filin ya ce in gyara in noma shekara 3, ba haya. Ko takarda ba mu rubuta ba, wai mu manya ne. Na yi ta ɗauko kashin shanu daga kwatar Oko-Oba a Agege, garin katako daga Ebute Metta, ruɓaɓɓen kabeji da tumatir daga kasuwar Mile 12, duk kuɗin mota daga aljihuna. Damina guda ina juya ƙasar nan har bayana ya ƙage. Sai da warin mai ya kwanta na saki tana. Ranar da na ga kashinta ya tsittsiro a bakin kwami, murna kamar an yi min haihuwa. Alayyafo na fara kai, sai ga mutumin nan da masu awo: ya sayar, bulo za a dasa! Wai ai filin ya yi kyau yanzu. Allah ya isa.

Ku yaran yanzu so kuke a gama a mako biyu. Ogoni ma, yankin Neja Delta da ɗanyen mai ya ɓata, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 cewa ya yi gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

In kuma an fasa batir a wurin, fita harkarsa. Dalmar da ke cikin batir ba ta ruɓewa, taruwa take a jikin tana, kada ka kuskura ka ba kaji ko tarwaɗa. Gobe ka ɗebo min ƙasar a leda in sansana, kuma ka tambayo filin na waye.